Hurumin Hukuma Da Iyakar Ƙasa: Nazari A Kan Tace Rubutun Manhaja A Dandalin GitHub

Gabatarwa

A da, in hukuma ta ƙi wani littafi, aikinta bai da wuya. Ta san inda maɗaba'a take, ta san kantin da ake sayar da shi, in kuwa daga waje ya fito, ta san tashar da za a shigo da shi. Duk waɗannan wurare suna cikin ƙasarta, ɗan sandanta yana iya zuwa da ƙafarsa. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a duba abin da kan faru idan rubutun da hukuma ta ƙi yana ajiye a wata ƙasa, a hannun kamfanin da ba ita ta yi masa rajista ba, alhali mutanenta suna karanta shi daga ɗakunansu. Za mu ɗauki dandalin GitHub ya zama abin nazarinmu, domin a kansa gwamnatoci da dama suka gwada ƙarfinsu tun daga 2013. Abin da nake son nunawa shi ne, ko da yake ana yawan kuka da gwamnatocin da kan aika da takardar neman a goge abu, dokar da ta fi kowace tsallake iyaka ita ce ta ƙasar da kamfanin yake zaune a cikinta.

Abin da ake ajiyewa a dandalin

Kafin mu yi nisa, ya kamata mai karatu ya san cewa manhajar kwamfuta rubuta ta ake yi, da harsunan da aka ƙirƙira musamman domin haka, irin su Python da C. Wannan rubutu, wanda mutum zai iya karantawa ya gyara kafin na'ura ta aiwatar da shi, shi za mu riƙa kira rubutun tushe. A 2005 Linus Torvalds ya ƙirƙiro wani tsari mai suna Git domin mutane da yawa su iya aiki a kan rubutun tushe ɗaya ba tare da sun ɓata wa juna ba. A bisa wannan tsari aka kafa GitHub a 2008, mazauninsa kuwa birnin San Faransisko na Amurka. Kowane aiki yana da wurin ajiyarsa, wanda za mu kira rumbu. Kamfanin Microsoft ya sayi GitHub a 2018 a kan dala biliyan 7.5, kuma a farkon 2023 dandalin ya ba da sanarwar cewa masu amfani da shi sun kai miliyan 100.

Abubuwa biyu ne suka sa wannan dandali ya zame wa masu tace rubutu ƙashin wuya. Na farko, a tsarin Git duk wanda ya ɗauki rumbu ya ɗauke shi ne gaba ɗaya har da tarihin gyare-gyarensa, watau kowane kwafi cikakke ne. Na biyu, hanyar da ake shiga dandalin kullalliya ce. Hukumar da ke tsaron ƙofar intanet ta ƙasa tana iya ganin cewa wane ya shiga GitHub, amma ba ta ganin shafin da ya buɗe. Saboda haka ba ta da ikon toshe shafi ɗaya ta bar saura. Ko dai ta rufe gidan duka, ko ta bar shi duka. Da mutane suka gane haka, sai suka shiga ajiye abin da ba manhaja ba a cikin rumbunan: labaran da aka goge, da takardun koke, da jerin sunaye.

Akwai kuma wata tambaya da ta shafe mu, mu ɗaliban harshe, watau ko rubutun tushe magana ce ko kuwa kayan aiki ne kamar guduma. An yi wannan shari'a a Amurka. Daniel Bernstein, yana ɗalibi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya kai gwamnati ƙara a 1995 saboda dokar da ta sa manhajar kulle saƙo cikin jerin makaman da ba a fitarwa waje sai da izini. A 1996 alƙaliya Marilyn Hall Patel ta yanke cewa rubutun tushe magana ce, kuma tsarin mulki ya ba ta kariya. Wani abin ban dariya na wancan zamani shi ne, a 1995 maɗaba'ar MIT ta buga rubutun tushen manhajar PGP a matsayin littafi, domin ana iya fita da littafi daga ƙasar, amma ba a iya fita da rubutun nan a kan faifai. Rubutu ɗaya ne, in yana kan takarda adabi ne, in yana kan faifai makami ne. Wannan ruɗani bai gushe ba, za mu sake cin karo da shi a gaba.

Rufe gida duka

Hanyar farko da gwamnatoci suka bi ita ce ta rufewa. A Janairun 2013 ƙasar Sin ta toshe GitHub, sai masu rubuta manhaja na ƙasar suka yi ca, cikinsu har da Kai-Fu Lee, tsohon shugaban Google a Sin, wanda ya ce wannan mataki zai raba ƙwararrun ƙasar da sauran duniya. Cikin kwanaki kaɗan aka buɗe. A Disambar 2014 Indiya ta sa shi cikin shafuka 32 da ta umarci a toshe saboda zargin ɗauke da farfagandar ƙungiyar ISIS, ita ma ba ta daɗe ba ta janye. A Oktoban 2016 Turkiyya ta rufe shi tare da Dropbox da Google Drive bayan da wasu masu kutse suka yaɗa wasiƙun Berat Albayrak, ministan makamashi na lokacin kuma surukin Shugaba Erdoğan. Duk labarin ɗaya ne. Bankunan ƙasa da jami'o'inta da kamfanoninta suna ɗebo manhaja daga wannan rumbu kullum, wanda ya rufe shi kuwa garin neman gira ya rasa ido.

An ma gwada wata hanya da ta fi wannan muni. A ƙarshen Maris na 2015 aka yi wa GitHub ambaliyar buƙatun bogi na kwanaki, aka auna rumbuna biyu, ɗaya na ƙungiyar GreatFire mai yaƙi da tace intanet a Sin, ɗaya kuma mai ɗauke da kwafin jaridar New York Times ta harshen Sinanci. Masu bincike na Citizen Lab a Jami'ar Toronto sun danganta harin da na'urorin da ke kan iyakar intanet ta Sin. Gwamnatin Sin ba ta amsa cewa ita ce ba, GitHub kuma bai sauke rumbunan ba.

Sulhun da aka yi da Rasha

Abin da ya zama ƙa'ida daga baya a Rasha aka fara shi. Tun 2012 ƙasar take da dokar da ta ba hukumar Roskomnadzor ikon sa shafi cikin baƙin littafi idan yana ɗauke da wasu abubuwa, ciki har da bayanin hanyoyin kashe kai. A Disambar 2014 hukumar ta toshe GitHub saboda wasu rubuce-rubuce irin waɗannan da aka ajiye a can. Kamfanin bai goge su ba, bai kuma yi kunnen uwar shegu ba. Sai ya rufe su ga wanda ya shigo daga Rasha kaɗai, ya bar su a buɗe ga sauran duniya, sa'an nan ya buɗe wani rumbu na musamman inda yake manna takardun da hukumar ta aiko domin kowa ya karanta. Daga baya aka faɗaɗa wannan rumbu ya ƙunshi takardun kowace gwamnati.

Ƙa'idar da kamfanin ya shimfiɗa wa kansa ita ce, sai ya tabbatar takardar daga hukuma ta gaskiya ta fito, ta nuna ainihin abin da ake ƙorafi a kai, ta kuma ambaci dokar da aka karya. In ta cika waɗannan sharuɗɗa, sai a sanar da mai rumbun, a ba shi damar ɗaukaka ƙara, a taƙaita rufewar ga ƙasar da ta nema, a kuma buga takardar a fili. Har lamba aka keɓe wa irin wannan rufewa a ƙa'idojin intanet tun 2016, watau 451, wadda aka aro daga sunan littafin Ray Bradbury mai magana a kan ƙona littattafai. Wanda ya ci karo da ita ya san shafin yana nan, doka ce ta shiga tsakaninsu.

Wannan dabara ta rufe wa ƙasa ɗaya ba GitHub ne ya ƙirƙiro ta ba. A shekarar 2000 alƙali Jean-Jacques Gomez na birnin Faris ya umarci kamfanin Yahoo ya hana mutanen Faransa ganin kayan tarihin 'yan Nazi da ake gwanjonsu a shafinsa na Amurka. Yahoo ya ce ba ya iya gane wanda ya shigo daga Faransa, amma ƙwararrun da kotu ta naɗa suka ce ana iya gane kimanin kashi 70 cikin ɗari. Tun daga ranar aka san cewa ana iya zana iyakar ƙasa a cikin intanet, ko da zanen ba zai yi kyau sosai ba.

Lalle ne a yaba wa buga takardun a fili, domin da shi muka san abin da da ba mu sani ba. Da shi aka ga takardar da ta fito daga Sin a 2016 a kan wani rubutu da ya taɓa Shugaba Xi Jinping, a cikin rumbun wani marubuci mai ɓoye sunansa wanda yake tattara bayanin dangantakar iyalan manyan jam'iyya. Da shi kuma aka ga cewa ba masu mulkin kama-karya kaɗai ke aiko da irin wannan takarda ba. A Oktoban 2019, bayan Kotun Ƙolin Sifaniya ta ɗaure shugabannin 'yan awaren Kataloniya tara shekaru 9 zuwa 13, rundunar Guardia Civil ta nemi a rufe rumbun manhajar ƙungiyar Tsunami Democràtic, wadda ake shirya zanga-zanga da ita, bisa hujjar ana binciken ƙungiyar da laifin ta'addanci. GitHub ya rufe shi ga mutanen Sifaniya.

To amma fa a nan ne nake ganin raunin sulhun. Manhajar shirya zanga-zanga a Basalona ba ta da wani amfani ga mutumin da ke zaune a Tokiyo. Waɗanda aka rubuta ta dominsu su ne aka hana, waɗanda aka bar wa kuwa ba su da buƙata. Haka kuma kamfanin ba ya auna ko dokar da aka ambata mai adalci ce, abin da yake dubawa shi ne ko akwai ta. Gwamnatin da ke da majalisa a aljihunta kuwa ba ta rasa doka. Duk da haka ba na cewa da ya ƙi da ya fi, domin sakamakon ƙin shi ne a rufe dandalin ga dubban ɗalibai da ma'aikatan da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Gaba kura ce, baya siyaki.

Su kansu kotunan manyan ƙasashe ba su daidaita a kan inda umarninsu ya kamata ya tsaya ba. A 2017 Kotun Ƙolin Kanada ta umarci Google ya cire wasu shafuka daga sakamakon bincikensa a duniya baki ɗaya, a shari'ar kamfanin Equustek, sai wata kotu a Kalifoniya ta ce ba za a zartar da umarnin a Amurka ba. A ranar 24 ga Satumbar 2019 kotun Tarayyar Turai ta ce dokar Turai ba ta tilasta wa Google ya goge sunan mutum a wajen ƙasashen Tarayyar ba. Kwana tara bayan haka, a wata shari'a da ta shafi Facebook, ita dai wannan kotu ta ce dokar Turai ba ta hana kotun wata ƙasa ta ba da umarnin gogewa a duk duniya ba.

Dokar mai masauki

Yanzu bari mu juya ga ɓangaren da ba a cika magana a kansa ba. Duk misalan da muka kawo na Rasha da Sin da Sifaniya, umarninsu a bakin iyakarsu ya tsaya. Amma idan umarnin daga Amurka ya fito, babu maganar rufe wa ƙasa ɗaya, domin a can kamfanin yake, a can dukiyarsa take, a can kuma za a iya gurfanar da shugabanninsa.

A Yulin 2019 masu rubuta manhaja a Iran da Siriya da yankin Kirimiya suka wayi gari an taƙaita musu asusunsu, ba su iya shiga rumbunansu na sirri, saboda dokokin takunkumin Amurka. Ba abin da suka rubuta ne laifinsu ba, inda suke zaune ne. Shugaban kamfanin na lokacin, Nat Friedman, ya bayyana cewa ba da son ransu ba ne, bin doka ne ya zama dole. Sai a Janairun 2021 kamfanin ya sami izini daga Ma'aikatar Kuɗi ta Amurka ya mayar wa mutanen Iran cikakkiyar hidima. A lura da kyau, ɗan Iran da ke Tehran bai sami damar komawa ga aikin hannunsa ba sai da wani ofishi a Washinton ya sa hannu.

Misali na biyu ya shafi haƙƙin mallaka. A ranar 23 ga Oktoban 2020 ƙungiyar kamfanonin faifan waƙa ta Amurka, RIAA, ta aika da takarda a ƙarƙashin dokar DMCA ta 1998 tana neman a sauke youtube-dl, wata manhaja da ake sauko da bidiyo da ita, wadda 'yan jarida da masu adana tarihi ma suke amfani da ita. Aka sauke ta ga kowa da kowa a duniya. Abin lura a nan shi ne, cikin hujjojin da takardar ta kawo har da hukuncin wata kotu ta birnin Hambug a Jamus. Ke nan an jingina da hukuncin Jamus, an bi ta dokar Amurka, an hana mutumin Brazil da na Kenya. Mutane suka yi ta yaɗa kwafin manhajar ko'ina don nuna fushi, ƙungiyar EFF mai kare 'yancin masu amfani da intanet ta rubuta martani na shari'a, a ranar 16 ga Nuwamba aka mayar da rumbun, kamfanin kuma ya ware dala miliyan 1 domin taimaka wa masu manhaja da irin wannan ƙara ta faɗa wa.

Misali na uku shi ya fi sarƙaƙiya, kuma shi ya dawo da mu ga tambayar Bernstein. Tornado Cash manhaja ce da ke cuɗanya kuɗin intanet na tsarin Ethereum domin a kasa bin sawunsu. A ranar 8 ga Agustan 2022 Ma'aikatar Kuɗi ta Amurka ta sa mata takunkumi, tana cewa an wanke fiye da dala biliyan 7 ta cikinta tun 2019, har da dala miliyan 455 da ƙungiyar Lazarus ta Koriya ta Arewa ta sata. Ba ƙaramin zargi ba ne, kuma ba daidai ba ne a yi kamar babu ɓarna a ciki. Sai dai abin da aka saba sa wa takunkumi mutum ne ko kamfani ko kadara, wannan karon kuwa har da rubutun da ke gudana da kansa ba mai iya tsayar da shi. Nan take GitHub ya sauke rumbunan, ya dakatar da asusun wasu daga cikin marubutan. Matthew Green, malami a Jami'ar Johns Hopkins, ya sake buga rubutun tushen da sunansa, yana cewa yana koyar da ɗalibai da shi. Bayan ma'aikatar ta fayyace cewa karanta rubutun ko koyar da shi ba laifi ba ne, aka mayar da rumbunan a Satumba, a karanta kawai ban da gyara. A Nuwambar 2024 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke cewa irin wannan rubutu da ba mai iya sauya shi ba kadarar kowa ba ne, don haka ma'aikatar ta wuce huruminta. A Maris na 2025 aka janye takunkumin.

Wani zai ce, ai ga shi nan a Amurka akwai kotun da ta gyara kuskuren, a wasu ƙasashen kuwa babu. Gaskiya ne, kuma bambanci ne mai girma. Amma wanda ke da kuɗin lauya da damar tsayawa gaban wannan kotu shi ke cin moriyarta. Sauran mutanen duniya jira suke yi a gama shari'ar da ba su da wakili a cikinta, a kan dokar da ba su zaɓi waɗanda suka yi ta ba.

Ganin haka ya sa wasu ƙasashe suka shiga gina nasu rumbun. A 2020 ma'aikatar masana'antu ta Sin ta goyi bayan dandalin Gitee domin ya zama na gida. A watan Mayun 2022 Gitee ya rufe rumbunan da ke buɗe ga jama'a, ya ce daga yanzu sai an duba kowanne kafin a sake shi. Wanda ya gudu daga takunkumin baƙo ya tarar da mai tacewa na gida yana jiransa a bakin ƙofa.

Inda hannun hukuma yake kaiwa

Cikin duk abin da muka bi, da wuya a nuna rubutu ɗaya da ya ɓace daga duniya saboda takardar gwamnati. Yadda aka gina Git bai bari haka ta faru ba. Abin da ba ya da kwafi shi ne marubucin, kuma shi yana zaune ne a wata ƙasa mai 'yan sanda.

Alexey Pertsev, ɗan Rasha da ke cikin marubutan Tornado Cash, an kama shi a Amsterdam kwana biyu bayan sanarwar takunkumin, kuma a watan Mayun 2024 wata kotun Holan ta yanke masa watanni 64 bisa laifin wanke kuɗi a ƙarƙashin dokar ƙasar. A Sin, Chen Mei da Cai Wei suna cikin masu kula da rumbun Terminus2049, inda ake adana labaran da masu tacewa suka goge, har da na farkon ɓarkewar cutar korona a Wuhan. Hukuma ba ta iya taɓa rumbun ba tun da yana Amurka, amma ta kama su a Afrilun 2020, aka riƙe su fiye da shekara, a Agustan 2021 wata kotu a Beijing ta yanke musu watanni 15 kowannensu bisa laifin tada fitina. Shi kuwa marubucin nan mai ɓoye suna da aka aiko da takarda a kan rumbunsa a 2016, ya yi shekara goma sha biyu yana rubutu ba a san ko wane ne ba. A watan Mayun 2021 aka kama shi a gidansa a Shanghai, sunansa Ruan Xiaohuan, injiniyan tsaron kwamfuta ne. A Fabrairun 2023 aka yanke masa shekara bakwai bisa laifin tunzura jama'a su kifar da gwamnati.